Kwanon Rabi Mai Ɗigon Ja

Shekara tara ke nan, a wannan watan, tun ranar da maza suka ɗauki ƙanwata Rabi daga tsakar gidanmu na Goudel suka fita da ita. Ni na yi mata wanka, ni na naɗe ta a likkafani. Mutanen Goudel sun san ni, Hajiya Tasalla mai wankan gawa, shekara talatin da ɗoriya ina wannan aiki. Ban yi lakwal ba, ban san baƙi ko ɗaya na boko ba. Abin da kuke karantawa daga bakina ya fito. Matar ɗana, Malama Zali, ita ke riƙe da biro, kuma na gaya mata in ta gyara magana ko ɗaya don ta rufa mini asiri, ban yafe mata ba.

Ni da Rabi uwa ɗaya uba ɗaya muke, daga Maradi. Na girme ta da shekara shida. Tun tana rarrafe kwanonmu ɗaya. Aure ya raba mu, aure ya sake haɗa mu a Yamai, da mazanmu suka rasu muka koma gida guda. Babbar tasa ce gare mu, fara mai shuɗin baki. Dambu, tuwo, kopto, kome aka dafa a cikinta muke ci, tana gefen gabas ina gefen yamma. Rabi na da wani hali: in ta tsinci tsoka a gefenta sai ta tura mini da yatsa, ta ce, "Ci, Yaya, ke ce mai ɗaga matattu, ni kawuna kawai nake ɗagawa."

Kitso take yi. A gindin mangwaron gidanmu take zama, mata na zuwa tun hantsi, Hausawa da Zabarmawa, matan masu lambu da matan masunta. Mace ta kwantar da kai a cinyar Rabi, kafin a gama ta zazzage mata duk abin da ke cikinta. Rabin auren unguwar nan a gindin mangwaron nan aka gyara shi. Ni ana girmama ni, ana kuma ɗan jin tsorona. Ita son ta ake yi.

Wani maƙoƙo ya daɗe a wuyan Rabi, ɗan ƙarami, tana rufe shi da murjani. Wata shekara sai ya taurare, muryarta ta dushe, tana waƙar kitso tana tsayawa ta yi gyaran murya. Ɗiyarta Hadiza, wadda ke aure a Koira Kano, ita ta matsa aka je asibiti. Aka yi mata aiki, aka yanke abin duka. Bayan ta warke sai lokotoro ya zaunar da mu, ni da ita da Hadiza, ya ce ciwon daji ne, kuma wuƙa ba ta kai ko'ina ba, akwai ƴaƴansa da suka watsu inda ido ba ya gani.

Mutumin ya iya bayani, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya ce irin wannan ciwo yana da abin da yake kwaɗayi, wani sinadari da ake sa wa gishirin kanti, wanda kuma ke cikin kifi. Za a hana Rabi shi na ƴan makonni har ciwon ya ji yunwa, sannan a ba ta shi a ƙwaya ɗaya da aka cusa wa wata irin wuta. Duk inda ɗan ciwon ya ɓoye zai fito ya lashe, wutar ta ƙone shi daga ciki. Na ce, "Kamar yadda ake sa wa ɓera guba a ƙuli-ƙuli." Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, ki zo ki karɓi kujerata." Ya ce maganin jirgin sama ke kawo shi da sunan mai shi, ba ya ajiyuwa, ƙarfinsa raguwa yake yi da kansa, duk kwana takwas rabi ya tafi. Na gane duka. Ina so ku riƙe wannan, don kada wani ya ce rashin sani ne ya sa na yi abin da na yi.

Mako biyu Rabi na cin miya babu gishirin kanti babu kifi, a Goudel fa, inda ƙamshin soyayyen kifi ke shigowa ta kan katanga. Ni ma na daina ci, tunda tasarmu ɗaya. Tana ta mita, tana cewa in ta warke sai ta cinye gulbin nan da kadojinsa.

Ranar shan magani na raka ta. Muka bi wani dogon lungu a can ƙuryar asibitin, har muka tsaya a wata ƙofa mai nauyi. A jikin ƙofar akwai alama: rawaya, da baƙin abu mai kunne uku kamar fanka. Ban iya karatu ba, amma alamar da na gani sau ɗaya ba ta ɓace mini.

Mijina, marigayi Idi, direban kamiyo ne, babbar motar kaya. Shekara da shekaru yana ɗauko ganguna daga ma'adinan arewa, wajen Arlit, yana gangarawa da su bakin teku. Wata rana ya biyo da motar ta kusa da gida, na kai masa fura, na ga wannan alama a jikin gangunan. Ya ce, "Tasalla, matsa baya, wannan ba ta wasa." Daga baya Idi ya kama tari, ya rame har zobensa na azurfa ya riƙa faɗuwa daga yatsa, ya rasu. Masu magani sun ce taba ce, don kuwa yana shan ta kamar hauka. Allah ne ya san gaskiya. Ni dai a zuciyata na ɗora wa alamar nan. Ga ta kuma yau a ƙofar da za a shigar da ƙanwata, a ba ta abin ta haɗiye.

Mace irina ba ta cewa tana jin tsoro.

Kwana uku ta yi ita kaɗai a ɗakin. A wajenmu ba a barin marar lafiya shi kaɗai, ko baƙo ne sai an samu mai shimfiɗa tabarma kusa da shi. Nan kuwa ko majo, wato babban mai jinya, daga bakin ƙofa yake miƙa abinci ya ja da baya. Hadiza ce ke kiran ta a waya ta kanga mini a kunne. Rabi ta ce, "Yaya, an ba ni lemun tsami in yi ta tsotsa kamar mai sabon ciki. Ki gaya wa matan unguwa su shirya suna."

Ranar sallama majo ya kawo wata na'ura mai kama da ƙaramar rediyo, ya nuna ta wajen Rabi daga nesa, abin ya riƙa ƙara, kas-kas-kas, kamar gyare. Lokotoro ya ce sauran kaɗan ne, za ta iya tafiya gida, amma da sharaɗi na mako ɗaya: kwanonta daban, shimfiɗarta daban, kayanta a wanke daban, kada ta ɗauki jariri, kada ta zauna jikin mai ciki. Ya dube ni ya ce, "Hajiya, ke kin fi ni sanin takaba, kin fi ni sanin arba'in ɗin mai jego. Kwana ne ake ƙirgawa. In ya cika ya cika. Rana ta takwas ki ci abinci da ita, ki sha ruwa a moɗarta." Na ce to.

Da muka koma gida na ɗauko wani kwanon sha madaidaici, na samu ragowar jan fentin da aka shafa wa ƙofar gida, na tsoma yatsa na ɗiga a gindinsa don kada ya gauraya da sauran. Na yi wa moɗa haka, na yi wa cokali. Rabi ta juya kwanon ta ce, "Kai, yau na zama matar gwamna, har da hatimi."

Rana ta takwas ta tashi da sassafe ta yi wanka, ta wanke kayanta tas, ta shanya. Da azahar na sauke dambu na zuba a farar tasa. Sai ga ta ta fito da sabon zane, ta wanke hannu, ta zauna a gefenta na gabas, tana murmushi. Na dubi hannun nan yana ɗigar ruwa. Abin da na gani shi ne yatsan Idi da zoben da ke faɗuwa.

Na ce, "Ki ƙara kwana biyu, Rabi. Ba a sani ba."

Ta ce, "Lokotoro ya ce takwas."

Na ce, "Lokotoro ba shi zai ci ba."

Ta tashi ta ɗauko kwanonta mai ɗigo, ta miƙo mini na zuba mata. Kwana biyun nan su ne suka zama shekara uku.

Da abin ya tsaya a tsakaninmu, da sauƙi. Amma gidanmu gidan shiga da fita ne. Mata suka ga kwano daban, moɗa daban, igiyar shanya daban. Suka ce wa juna, in har Hajiya Tasalla, wadda ke juya gawar da ta kwana biyu ba ta ko yamutsa fuska, in har ita ke gudun hannun ƙanwarta, to abin da ke jikin Rabi ya wuce misali. Ban taɓa buɗe baki na ce wa kowa ya guje ta ba. Ban kuma taɓa buɗe baki na ce ƙarya ne ba. Masu kitso suka fara raguwa. Wannan ta ce kanta na ciwo, waccan ta ce mijinta ya hana. Masu ciki suka daina ko leƙowa. Wata ta zo gaisuwa ta tsaya daga zaure tana ɗaga murya, "Fofo, Rabi, ya jiki?" kamar mai kiran kwalekwale daga tsallaken gulbi. Kafin damina ta zagayo, gindin mangwaro ya koma wurin kaji. Rabi takan fito da tsinken kitsonta da matajinta da kwalbar mai, ta jera su a kan tabarma, ta zauna har la'asar, ta kwashe.

Akwai hoton da aka yi mata bayan shan maganin. Yana nan a akwatina. Ba irin hoton ƙashi da kuka sani ba ne. Maganin da ke jikinta shi ne fitilar, na'urar kuma tana bin haskensa daga kai har ƙafa. A takardar za ka ga wata inuwa ta mutum, toka-toka, ba ido ba baki, guda biyu, gaba da baya, a tsaye kamar an jingine su. A wuya akwai baƙin tabo, a ƙirji wasu ƙanana kamar an watsa gero. Lokotoro ya ce wannan baƙin alheri ne, yana nuna maganin ya samu ciwon ya kama shi. Ni na wanke mata da yawa, ban taɓa ganin abin da ya yi kama da gawa a likkafani kamar inuwar nan ba. Har yau in na buɗe akwati don ɗauko turare, sai in ji kamar su biyun suna jira in yi magana.

Rabi ba wawuya ba ce. Bayan wata shida muka koma a duba ta, sai ta ce wa majo, "Ɗan'uwa, don Allah ɗauko gyaren nan naka." Ya ɗauko. Ta ce ya nuna ta. Ya kai har jikin wuyanta, abin ya yi kas, ya yi shiru, can ya sake kas. Ta ce, "To, nuna Yayata." Ya nuno ni. Kas, shiru, kas. Ya nuna bango, haka. Ya ce wannan ɗan motsin yana ko'ina a duniyar Allah, har a jikin jariri. Rabi ta dube ni ta ce, "Kin ji, Yaya? Ni da ke da bango duk ɗaya ne." Majo ya yi dariya, ni ma na yi.

A cikin taksi muna komowa na san ta yi gaskiya. Wallahi na sani. Tsoron ya sake ni tun a ɗakin nan. Abin da ya rage wani abu ne daban. In na mayar da ita tasa yau, me zan ce wa matan Goudel? In ce wata shida ina ware ƙanwata a banza? In ce ni Tasalla, da ake tambaya yadda ake kome, daga wankan jego har wankan gawa, na yi kuskure a cikin gidana? Na ce a raina bari a ɗan jima, a yi abin a hankali yadda ba wanda zai lura. Da muka isa gida na sauke tukunya, hannuna ya je ya ɗauko kwano mai ɗigo da kansa. Rabi ta karɓa. Ba ta ƙara tayar da maganar ba har abada.

Mafi muni shi ne ranar sunan ɗiyar Hadiza ta fari, a Koira Kano, gidan surukai, manyan ma'aikata ƴan Zinder. Da za mu fita na naɗe kwanon a ɗankwali na sa a jaka. Aka kawo manyan farantai na shinkafa, mata biyar biyar suna kewayewa. Na zaro kwanon a gaban mutane, na ɗebar mata, na ajiye mata a gefe. Uwar mijin Hadiza ta tambaya da ido, wata ƴar Goudel ta raɗa mata a kunne. Daga nan jaririyar ta zaga hannun kowa a ɗakin, har da maƙwabta, ba wanda ya miƙa wa kakarta. Rabi ta leƙa fuskar yarinyar daga inda take zaune, ta ce, "Gashi gare ta, masha Allah. Wannan kan zai yi daɗin kitso." Hadiza na kan gado tana kallona. Wannan kallon ma yana nan, ban ajiye shi a akwati ba amma bai ɓata ba.

An sake ba ta maganin sau ɗaya bayan wannan. Ni kuwa har daɗi na ji a ɓoye, Allah ya yafe mini, don na samu abin fakewa na wani mako, daga nan kuma aka ci gaba kamar da. A shekara ta uku lokotoro ya ce abin da ke ƙirjin ya canza hali, ya daina lasar maganin. Ya ce shekarun nan da ta samu maganin ne ya ba ta su, da izinin Allah. Na yi ta juya wannan magana. An ɗauko abu daga wata duniya a jirgin sama don a ƙara wa Rabi kwana, ni kuma na karɓi kwanakin na zuba mata su a kwano daban.

Da ta kwanta, numfashi na yi mata wuya, haɗiya ma sai ruwa-ruwa. Wata Laraba da hantsi na yi dambu da zogale yadda take so, na zuba a farar tasa, na shiga ɗakinta na ajiye a tsakaninmu, na zauna a yamma. Har a ranar bakina bai iya neman gafara ba. Ta dubi tasar, ta dube ni, ta yi wata dariya da ta koma tari. Ta ce, "Sai yanzu, Yaya, da hanyar ta toshe?"

Na ce, "Ko loma ɗaya."

Ta ce in ɗaga ta. Ta sa hannu a gefenta na gabas, ta dunƙula loma a hankali. Ba ta kai bakinta ba. Ta miƙo mini ta ce, "Ci mini."

Na ci. Allah shaida ne na karɓa na ci. Amma kafin in karɓa hannuna ya tsaya a hanya. Bai fi ƙiftawar ido ba. Ba tsoro ba ne, ba kome ba ne, sabo ne na shekara uku. Rabi ta gani. Mai kitso ce, idonta ba ya kuskure silin gashi. Ta ce, "Ba kome," ta koma ta kwanta, ta juya fuska wajen bango. Ranar Juma'a ta cika.

Da na zo yi mata wanka, na tsefe mata kai, sai na tuna, in ban da ɗagawar Larabar nan, rabon da in taɓa jikin Rabi tun ranar da na riƙe mata mayafi a ƙofar nan mai alama. Tana raye na guje ta, ta mutu na rungume ta. Matan da ke zuba mini ruwa suna ta ja da baya, ɗaya har ta naɗe hannu da leda. Ban tsawata mata ba. A wurina ta koya.

Yanzu shekara tara. Ina yawan tunanin abin da Rabi za ta ce da ta leƙo. Lambunan da ke bayanmu rabi sun zama gidaje. Ƴan mata sun koma kitso a shago, da gashin kanti, mai kitson na kallon waya tana yi, ba mai gaya wa wani damuwarsa. Da ta yi tsaki ta ce wannan ai ɗaurin buhu ne. An ce mini masu shan maganin nan sun ƙaru, har da ƴan ƙauye, mutum ya sha ya yi kwanakinsa ya koma gona. Da ta ji daɗin wannan. Amma a Goudel har gobe in mace ta ga kumburi a wuyanta sai a ce, "Allah ya raba ki da irin na Rabi mai kitso, wanda ko ƴar'uwarta ba ta cin abinci da ita." Sunanta ya zama abin tsoratarwa. Mace mai dariya irin Rabi.

Abin da ya sa na kira Zali da biro ba shekarun ba ne. Bayan sallar layya aka ga ƙullutu a wuyan Hadiza. An yi mata aiki. Lokotoron yanzu mace ce, ta ce an kama shi da wuri ƙwarai, ba kamar na uwarta ba, ƙwaya ɗaya ta maganin nan ake so ta sha don a share saura, kuma tana sa ran Hadiza za ta ga jikokinta. Hadiza ta ce ba ta sha. Mijinta ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya turo mini ɗana ya gaya mini.

Na hau taksi na tafi Koira Kano. Tun rasuwar uwarta gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Na same ta a falo da tabon aiki a wuya, daidai inda na uwarta yake. Na ce, "Hadiza, me ya sa?"

Ta ce, "Inna, ni da ke mun san me ya sa. Ƴaƴana uku. Ba zan zauna a gidana ana zuba mini abinci kamar kare ba. Gara in mutu hannuna na cikin kwanon mutane."

Na buɗe jaka na zaro kwano mai ɗigo. Ta gane shi, fuskarta ta canza. Na ce a zubo mini abin da aka dafa. Aka zubo shinkafa da miya, na ci a gabanta har na suɗe, na zuba ruwa a ciki na sha. Sannan na gaya mata abin da ban gaya wa uwarta ba: maganar gangunan Idi, da maganar gyaren majo, da abin da na sani a cikin taksi. Na ce, "Uwarki ba ta da kome tun rana ta takwas. Ni ce mai abin."

Ta ce, "A ɗaki kike gaya mini, Inna. A gaban mutane kika yi mata."

Gaskiyarta. Shi ya sa na zo nan, inda mutane suke. Hadiza ta ce ranar da aka karanta wannan takarda a gindin mangwaron Goudel, matan unguwa na zaune, za ta je ta ce a aiko da maganin. Zali ta yi alkawarin karantawa da ƙarfi, ni kuma zan zauna a tsakiya kowa ya kalle ni.

To, matan Goudel, da na Koira Kano, da duk inda takardar nan ta kai, ku ji daga bakin Tasalla. Wanda ya sha maganin nan, ku bi abin da lokotoro ya ce, kada ku rage ko kwana ɗaya, don sharaɗin gaskiya ne. In kwanakin sun cika kada ku ƙara ko ɗaya. Rabi ba ta taɓa cutar da kowa ba. Kawunan da kuka hana ta, da jaririyar da ba a miƙa mata ba, a wuyana suke, ba a wuyanku ba, don ni kuka duba.

Me ya rage na Rabi? Tsinken kitsonta na nan a kwalbar mai. Yarinyar da aka yi wa suna ranar nan ta zama budurwa, gashi har kafaɗa, kakarta ba ta taɓa sa masa mataji ba. Akwai matan da har yau in aurensu ya yi tsami sai su ce da Rabi na nan. Sai inuwa biyu a akwatina. Sai kwanon. Na sa wuƙa na kankare fentin, ya fita, amma wurin ya yi fari fiye da sauran gindin, ana gane shi. A ciki nake cin abinci yanzu. Farar tasa kuwa na wanke ta na kife, tana jiran ranar Hadiza ta takwas. Zan kai ta Koira Kano da dambu da zogale, in zauna a yamma. Roƙon da nake yi wa Allah, bayan ya jiƙan Rabi ya sa ta huta, guda ɗaya ne: in ɗiyarta ta miƙo mini loma, kada hannun nan ya tsaya.